Takardar gargaɗi daga uwar kamfani: daga wace rana ake fara ƙirgar wa'adi?

A Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, akwai ƴan kasuwa da ke aiki da suna da tambarin wani babban kamfani bisa yarjejeniyar da ake kira faranciz: suna biyan kuɗi, suna bin ƙa'idojin uwar kamfanin. In saɓani ya taso, kamfanin yakan aiko da takardar gargaɗi mai wa'adi, misali kwana 30, kafin ya soke yarjejeniyar. Yawanci wa'adin ba ya jiran ranar da mai shago ya karanta takardar. Yana farawa ne daga ranar da yarjejeniyar ta ce takardar ta iso.

Dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda Nijar ke aiki da su tare da wasu ƙasashe 16, ba su keɓe wa faranciz doka ta musamman ba. Don haka abin da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu shi alƙali zai fara dubawa, kuma sashen da ke magana kan aika takardu yakan zo can ƙarshe, inda mutane suka gaji da karatu.

Takardar da aka miƙa hannu da hannu ba ta da rikici: ranar da aka sa hannu a kan kofinta ita ce ranar isowa, kuma sau da yawa sa hannun ma'aikacin shago ya wadatar. Haka ma wadda jami'in shari'a mai isar da takardu, wato wisiye, ya kawo.

Wasiƙa mai rajista ta gidan waya ce ta fi cin mutane. Yarjejeniyoyi da dama suna ƙirgawa daga ranar da aka fara gabatar da ita a adireshin da ke rubuce. A ƙasar da mafi yawan wasiƙu ke tsayawa a akwatin gidan waya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In sanarwar ta shiga akwati ranar 3 ga Maris, mai shago bai karɓo ba sai 20 ga wata, kwana 13 kaɗai suka rage masa cikin 30. Ƙin karɓa ma ba ya tsayar da ƙirga in yarjejeniyar ta tanadi haka, kuma wanda ya sake wuri bai sanar a rubuce ba, tsohon adireshinsa ake bi.

Imel yana ƙirguwa in an ambace shi; wasu yarjejeniyoyin suna ɗaga wanda ya shigo bayan tashi daga aiki zuwa ranar aiki ta gaba. Saƙon WhatsApp kuwa, duk da shi ne abin yau da kullum a kasuwa, mai shago bai kamata ya dogara da shi ba wajen neman sabunta yarjejeniya in ba a rubuta shi cikinta ba.

Hayar shago kuma dokarta daban. Aya ta 133 ta dokar kasuwanci ta OHADA da aka sabunta a 2010 ta wajabta gargaɗi ta hannun wisiye ko ta hanyar da ke tabbatar da cewa ɗan haya ya karɓa da gaske, sannan a ba shi wata guda daga ranar karɓar kafin a kai ƙara kotu.