Kaura Gajera Da Kasuwar Tsiro

Manoman Ikara da Makarfi da Kudan sun saba ganin 'yan kasuwa da kaka suna neman dawa buhu buhu, suna cewa ta kamfani ce, su zaɓi wannan su ƙi waccan. Da yawa ba su san dalilin zaɓen ba. To, ga yadda abin ya ke.

Giyar Turawa abu biyu ne tushenta. Na ɗaya tsiron sha'ir, na biyu furen wata ciyawa mai yaɗo da a ke kira hop, wadda ke sa ɗaci da ƙanshi, ta kuma hana giya saurin lalacewa. Ita hop a Jamus da Ingila da Amurka a ke nomanta. Ba ta yi a ƙasarmu, don tana bukatar sanyi mai tsanani, da doguwar rana ta awa 15 ko fi lokacin da ta ke girma, a nan kuwa rana ba ta kai awa 13. Saboda haka manomi ba shi da rabo a cikinta.

Rabonsa yana wajen tsiro. A 1988 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, sai kamfanoni suka juyo kan dawa tilas. Daga baya an ɗage dokar, amma ba su saki dawa ba. Ba kuwa giya kaɗai a ke yi da tsiron ba, da shi a ke yin Maltina da Milo. Wanda ba ya son hatsinsa ya shiga giya sai ya tambayi mai saye inda za a kai.

Cikin irin da suka yi suna a wannan sha'ani akwai Kaura gajera, watau SK 5912, wadda ma'aikatan bincike na Samaru suka zaɓo daga Kaurar gargajiya. Ƙwayarta rawaya ce, manya manya. Karanta bai kai na Kaurar gida tsawo ba, don haka iska ba ta cika kayar da ita ba, amma mai son kara na darni ba zai ji daɗinta ba. Aibinta guda, jinkiri. Ta kan ɗauki wajen wata biyar da rabi kafin ta nuna. A yankin nan, inda ruwa kan ɗauke a farkon Oktoba, wanda bai shuka ta cikin watan Yuni ba yana iya girbe zangarniya marar nauyi.

Abin da kamfani ke saye shi ne ran da ke cikin ƙwaya. Jiƙa ta za su yi, su bar ta ta tsira kwana huɗu ko biyar, sa'an nan su busar, kamar dai yadda mata ke yi don kunun zaƙi. Ƙwayar da ta mutu ba ta tsira, sai ta ruɓe ta ɓata sauran. Shi ya sa su ke ƙin dawar da ƙwari suka huda, da wadda ta yi fumfuna don an bar dami a ƙasa raɓa na dukansa, da wadda aka gauraya da wani iri, domin iri biyu ba su tsira tare.

Kowa na iya gwada tasa a gida. A ƙidaya ƙwaya 100, a shimfiɗa kan jiƙaƙƙen buhun algarara, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana huɗu a ƙidaya waɗanda suka tsira. In sun kai 90, sai a tsaya a kan kuɗi da mai saye. In ba su kai ba, a kai ta kasuwar masu tuwo, a kuma nemi sabon iri wurin malamin gona kafin damina.