Rajistar Ƙungiya a Aljihun Mutum Ɗaya

A Kankiya da Kusada aikin gayya bai mutu ba, riga kawai ya sauya. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala ne ke shirya sahu da tsare hanya ranar Idi. Ga kwamitocin makarantu, ga matasa masu yashe magudanar ruwa kafin damina, ga ƙungiyoyin tallafa wa marayu. Mafi yawansu ladan Allah suke nema.

Ba rashin waya ne ya dame su ba. Da wuya ka ga ƙungiyar da ba ta da zauren WhatsApp, kuma saƙon murya ya share hawayen wanda bai yi boko ba. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda bayanan ƙungiya ke kwana. Sunayen mambobi, kuɗin wata-wata, hotunan rasit, duk suna cikin wayar sakatare, a kan layinsa, da lambar sirrin da shi kaɗai ya sani. Ranar da ya samu aiki a Kano, ko aka sace wayar ranar kasuwa, ƙungiya ta koma gidan jiya. Tun Disamban 2020 da aka wajabta haɗa layi da lambar NIN, layukan da aka toshe ma sun tafi da zauruka.

Batun kuɗi ya fi zafi. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya koya wa kowa tiransifa, sai gudummawa ta riƙa shiga asusun ma'aji na ƙashin kansa. Mutumin kirki ne, amma kuɗin marayu da na cefanensa sun haɗu wuri guda, daga nan zargi ke farawa. Banki kan nemi takardar rajistar CAC kafin ya buɗe asusu da sunan ƙungiya, rajistar kuwa yanzu ta intanet ake yi. Wanda bai iya cike fom ba sai ya biya ɗan tsakiya.

Sai tsadar data. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin farashin da ya kai kashi 50 cikin 100. Wa ke biya? Sakataren nan dai, haɗe da kuɗin caji idan babu wuta. Ya kamata data ta shiga kasafin ƙungiya kamar hayar kujeru.

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan 3 a fasahar zamani. Madalla, amma bukatar ɗan agaji ba ta kai nan ba. Imel da sunan ƙungiya wanda mutum uku suka san makullinsa, jadawalin kuɗi a Google Sheets, da sanin cewa ba a karanta wa kowa lambar da banki ya turo: ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ko masu yi wa ƙasa hidima za su iya koyar da wannan cikin 'yan yammaci. A kira mata ma, su biyu ko uku daga kowace ƙungiya.

Littafin rajista kuma kada a jefar, domin layin waya na iya katsewa. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Kankiya da Kusada ba sa ciki, amma tazarar ba ta da yawa.