Likitan da Ya Bar Gawo a Gona

Duk wanda ya bi hanyar Magariya zuwa Dungas da rani ya ga gonakin da suka cika da gawo. Yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Tsiro ne manomi ya tarar lokacin sassabe, sai ya zaɓi reshe mai ƙarfi, ya datse na gefe, ya bar shi ya tashi. Da damina gawon ya zubar da ganye, gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, zangarniyar wurin ta fi ta ko'ina kauri. Da wannan idon nake kallon aikin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan taɓin hankali kuma mai bincike.

An haife shi a Abeokuta a 1923, ya yi karatun likita a Birmingham, ya ƙware a asibitin Maudsley na Landan. A 1954 ya dawo gida aka danƙa masa asibitin masu taɓin hankali na Aro da ke Abeokuta. Tsarin da ya tarar sassabe ne na ƙarƙaf: a raba mara lafiya da danginsa, a kulle shi a gidan mahaukata na Yaba ta Legas ko a gidan kaso. Shekara guda kafin nan, wani likitan mulkin mallaka a Kenya, J. C. Carothers, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto mai nuna wai ƙwaƙwalwar ɗan Afirka ba ta kai ta Bature ba.

Lambo ya duba abin da ke tsirowa a wurin tun kafin zuwansa: dangi, ƙauye, da masu maganin gargajiya. Ya zauna da masu garuruwan da ke kewaye da Aro, suka yarda a sauki marasa lafiya a gidajen mutane, kowa da ɗan'uwansa mai jinya. Uwa ta dafa wa ɗanta abincin da ya saba, da safe ta raka shi asibiti a duba shi a ba shi magani, da yamma ya dawo ya zauna cikin jama'a, ana gaishe shi yana amsawa. Masu gidaje suna karɓar kuɗin haya. Wasu masu maganin gargajiya kuma ya jawo su jiki suna aiki tare.

Bai tsaya ga tausayi ba, ya nemi hujja. Tare da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka, suka bi ƙauyukan Yarabawa gida-gida suna tambaya, suka kwatanta da irin binciken da aka yi a Kanada. Littafinsu na 1963 ya nuna cututtukan iri ɗaya ne da na sauran mutanen duniya, har da ciwon damuwa da ake cewa ba ya kama baƙar fata. A ganina wannan ya fi duk muƙaman da ya riƙe daraja.

Ƴaƴan gawo akuya ke ci, ta kai irin gonar da mai itacen bai taɓa takawa ba. Haka aikin Lambo ya yaɗu. Taron farko na likitocin taɓin hankali na Afirka a Abeokuta aka yi shi a 1961. Lambo ya shugabanci Jami'ar Ibadan daga 1968 zuwa 1971, daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya har 1988. Ya rasu a 2004. A 2020 Farfesa Oye Gureje na Ibadan da abokansa suka buga sakamakon gwaji a mujallar Lancet: a Ibadan da Kumasi, marasa lafiyan da ma'aikatan asibiti suka duba tare da masu maganin gargajiya da na addini sun fi samun sauƙi.

Amma barin gawo ba ya yiwuwa sai da datsewa. Mari a ƙafa, turu, duka da horo da yunwa, waɗannan rassa ne da dole a sare.

A nan Magariya, idan yaro ya fara sambatu da rashin barci, wajen malam ake fara kai shi, ko wajen boka. Sai an sayar da tumaki, ciwo ya yi nisa, sannan a nufi Damagaram, ko a ƙetara iyaka zuwa asibitin Kazaure ko na Dawanau. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne a Nijar, ba za su iso kowane ƙauye ba. Don haka ina roƙon majo, wato shugaban ma'aikatan kowace likita, ya san malaman ruƙiyya na yankinsa, su riƙa tura wa juna marasa lafiya. Ku kuma iyaye, ku ci gaba da addu'a, amma ku kai yaron a duba shi tun makon farko, kuma kada ku yarda a sa masa mari.