Shekarar Da Aka Kai Tuba Kasuwa

Jama'a masu karatu, da yawa daga cikinku kuna zaune da Kiristoci a ofis ko a kasuwa, kuna jin suna ambaton tuba da gafara da ranar shari'a da irin kalmomin da muka saba da su, domin tun shekarar 1932 aka fassara musu littafinsu gaba ɗaya zuwa Hausa. A wannan mako muna so mu duba abin da suke nufi da waɗannan kalmomi, ta hanyar wata rigima da ta tashi a ƙasar Jamus a 1517 a kan tambaya guda: shin kuɗi yana rage wa mutum hisabi?

Da farko, ya kamata a sani cewa Kiristoci sun yi imani da tashin matattu da tsayuwa gaban shari'a. A cikin aƙidar da manyan malamansu suka tsara a taron Nikiya a shekarar 325, aka kuma faɗaɗa ta a Ƙusɗanɗiniya a 381, sun ce Annabi Isa, Alaihis Salamu, shi ne zai dawo ya hukunta rayayyu da matattu. Suna kuma danganta gafara da gicciye shi, wanda nan ne muka rabu da su, kamar yadda kowa ya sani. Amma game da abin da za a tambayi mutum, sura ta 25 ta Linjilar Matiyu ta lissafta ciyar da mayunwaci, da shayar da mai ƙishi, da saukar da baƙo, da tufatar da matsiraici, da gaida majinyaci da ɗan kurkuku.

Game da tuba kuwa, sura ta 19 ta Linjilar Luka ta kawo labarin wani attajiri, shugaban masu karɓar haraji a garin Yariko, mai suna Zakka. Mutanen gari suna ƙyamarsa saboda aikinsa. Da ya tuba, sai ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, duk wanda ya cuta kuma ya mayar masa da ninki huɗu. A lura da inda kuɗin ya nufa: hannun waɗanda aka zalunta.

Da zamani ya yi nisa, sai cocin Katolika ta tsara wa tuba rukunai uku, watau nadama a zuci, da furta zunubi a gaban limamin coci, da yin wani aiki na kaffara kamar azumi ko addu'a ko sadaka. A taron Lateran na huɗu a 1215 aka wajabta wa kowane baligi wannan furuci aƙalla sau ɗaya a shekara. Sun kuma koyar da cewa ko an gafarta zunubi akwai sauran horo da ke kan mutum, idan bai gama biyansa a duniya ba sai ya biya bayan mutuwa a wani matsayi na tsarkakewa kafin ya shiga aljanna. Coci ta ce tana da ikon sassauta wannan horo, tana kuma ba da takarda a kan haka. A ƙa'idar malamansu takardar ba ta shafe zunubi, kuma ba ta amfanar mai ita sai ya yi nadama. To, amma ƙa'ida daban, abin da talaka yake ji a bakin mai wa'azi daban.

Ga yadda kasuwa ta shigo cikin al'amarin. Tun 1506 aka fara sake gina babbar majami'ar Bitrus a birnin Rum, aikin kuwa yana cin kuɗi. A 1514 wani ɗan sarauta mai suna Albrecht ya sami muƙamin babban bishop na Mainz, alhali yana riƙe da wasu muƙaman, sai ya ci bashi mai yawa a gidan attajiran Fugger na birnin Augsburg domin ya biya abin da Rum ta nema. Fafaroma Leo na goma ya ba da izni a sayar da takardun sassauci a yankunansa, aka shirya cewa rabin abin da aka tara ya tafi gini, rabi kuma ya tafi biyan bashin. Wani mai wa'azi, Johann Tetzel, ya riƙa bin garuruwa da akwatin kuɗi, yana gaya wa mutane cewa har iyayensu da suka mutu suna iya saya wa sauƙi.

A garin Wittenberg akwai wani malamin jami'a kuma limamin coci, Martin Luther. Sarkin yankin ya hana wannan ciniki a ƙasarsa, amma mutane suna ƙetare iyaka su sayo, su dawo suna ganin sun huta da nadama. Ran 31 ga Oktoba, 1517, Luther ya aika wa Albrecht wasiƙa tare da mas'aloli 95. A ta farko ya nuna cewa tuba aiki ne na dukan rayuwar mai bi. A wasu kuma ya nuna cewa ba matalauci ko ranta wa mabukaci ya fi sayen takarda, kuma wanda ya wuce mabukaci ya kai kuɗinsa wurin takarda fushin Allah ya jawo wa kansa. Na'urar ɗab'i ta baza maganar cikin ƙasar Jamus a ɗan lokaci kaɗan.

A farkon 1521 Fafaroma ya kore shi daga coci, a watan Afrilu kuma ya tsaya gaban Sarki Charles na biyar a birnin Worms ya ƙi janye maganarsa. Daga nan ɗarikun Furotesta suka samo asali, suna koyar da cewa gafara kyauta ce daga Allah da ake samu ta bangaskiya, ayyukan kirki kuma 'ya'yan wannan bangaskiya ne. Cocin Lutheran da ke da cibiya a Numan ta jihar Adamawa, wadda 'yan mishan daga Denmark suka kafa tushenta a 1913, reshen wannan itace ce.

Adalci ne kuma mu faɗi cewa Katolika ta gyara gidanta. Taron Trent, wanda ya gudana daga 1545 zuwa 1563, ya la'anci cin riba ta wannan hanya, a 1567 kuma Fafaroma Pius na biyar ya soke duk wani sassauci da aka haɗa da biyan kuɗi. Ran 31 ga Oktoba, 1999, wakilan Katolika da na Lutheran suka sa hannu a kan wata takardar fahimtar juna game da yadda mutum yake samun karɓuwa wurin Allah. Sun kuwa yi haka ne a Augsburg, garin da aka ciwo bashin nan.

To, 'yan'uwa fatake da ma'aikata, Zakka ya fitar da kuɗi, abokan cinikin Tetzel ma sun fitar da kuɗi, amma shi masu haƙƙi ya nema, su kuwa rasit suka nema. Wanda ya tauye mudu, ko ya danne fayil ɗin wani sai an ba shi goro, sa'an nan ya tashi a taron gidauniya ya yi kyauta mai tsoka ana tafa masa, ya tambayi kansa wanne daga cikin biyun ya bi. Mai haƙƙi yana nan da ransa, an kuma san ƙofar gidansa.

Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin mutane tun muna da sauran numfashi, amin.