Lauyan Wata Jiha da Sharaɗin Raba Gardama

Ciniki ya kan kai mutanen ƙasar Daura nesa. Mai riɗi ya kan ƙulla alkawari da kamfanin Kano, ɗan kwangila kuma da wani kamfani a Ikko. In rigima ta tashi, tambaya biyu a kan yi: wa zai tsaya wa mutum, kuma a gaban wa za a yi shari'ar?

Lauyan Wata Jiha

A Amurka kowace jiha ita ke ba lauyoyinta izni. Lauyan da ya zo daga wata jiha sai ya roƙi alƙali ya yardar masa ya tsaya a wannan shari'a kaɗai. A Nijeriya ba haka a ke yi ba. Tun dokar lauyoyi ta 1962, wanda ya gama Makarantar Koyon Aikin Lauya, aka rubuta sunansa a littafin Kotun Ƙoli, yana da ikon aiki ko'ina a ƙasar. Saboda haka lauyan Kaduna ko na Inugu yana iya tsayawa a Babbar Kotu a Daura ba da neman iznin Jihar Katsina ba.

Amma lauyan Damagaram, ko da ya ke garinsa ya fi Ikko kusa da mu, baƙo ne a idon doka. Ba shi da ikon tsayawa sai Babban Jojin Nijeriya ya ba shi takardar izni domin shari'a guda. Shigowa ƙasa ma wani abu ne dabam. A 1962 Cif Awolowo ya ɗauko lauya daga Ingila, Gwamnatin Tarayya ta hana shi shigowa, kotu kuwa ta ce tana da ikon yin haka.

A zamanin En'e, dokar 1956 ta hana lauyoyi tsayawa a kotunan alƙalai. Bayan tsarin mulki na 1979 manyan kotuna suka kau da wannan hani, yau lauyoyi suna tsayawa a kotunan shari'ar Musulunci.

Sharaɗin Raba Gardama

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. Takardun kwangila da yawa suna ɗauke da wani sharaɗi, galibi can kusa da ƙarshe, mai cewa in an sami saɓani ba za a je kotu ba, sai a kai wa mai raba gardama. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, shi ne malamai ke kira tahkimi. Ya bambanta da sulhu. Mai sulhu lallashi ya ke yi, in ba ka yarda ba ka tashi abinka. Mai raba gardama kuwa hukunci ya ke yankewa, hukuncin nan kuma ya ɗaure kowa.

A watan Mayu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka a kan wannan al'amari, wadda ta maye gurbin ta 1988. Ga yadda ta ke aiki. A ce mai riɗin nan ya sa hannu a takarda mai wannan sharaɗi, sa'an nan ya kai ƙara kotu a Daura domin ba a biya shi ba. In kamfanin ya roƙa tun kafin ya shiga ba da amsa a kan ainihin ƙarar, wajibi ne alƙali ya dakatar da shari'ar ya tura su ga mai raba gardama, sai fa in sharaɗin ɓatacce ne ko ba shi yiwuwa. In takardar ta ce a Ikko za a zauna, to, Ikko za shi, ya kuma biya rabonsa na ladan mai raba gardamar, ban da kuɗin mota da masauki.

Bayan an yanke hukunci, kotu ba ta sake jin maganar daga farko. Wanda bai gamsu ba yana da wata 3 ya roƙi a soke shi, kuma sai da dalili irin wanda doka ta ambata, kamar a ce ba a ba shi dama ya faɗi nasa ba. Laifuffuka kuwa, kamar sata da kisankai, ba su shiga wannan hanya.

Abin da Ya Kamata a Kiyaye

Wannan hanya tana da amfani: ta kan fi kotu sauri, kuma asirin cinikin mutum ba ya fita kasuwa. Amma tilas ɗin da ke cikinta daga sa hannunka ya ke fitowa. Saboda haka kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai an karanta maka takardar duka. Tambayi wa zai zaɓi mai raba gardamar, a wane gari za a zauna, wa zai biya. In wurin ya yi maka nisa, nemi a mai da shi Katsina ko Kano tun ba a sa hannu ba, gama bayan an sa, gyara sai da yardar abokin cinikinka.