Me Ya Sa Asibiti Ba Ya Cika Wa Mai Ƙin Cin Abinci Kwano?

A shekarun korona, 2020 da 2021, asibitocin Ingila da Amurka da Kanada sun ga ƙaruwar 'yan matan da ake kwantarwa saboda anoreksiya. Ciwon ƙwaƙwalwa ne: yarinya ta ƙaurace wa abinci don tsoron ƙiba, alhali haƙarƙarinta duk a waje.

A Birnin Gwari yunwar da aka fi sani ita ce ta hana noma da 'yan bindiga suka yi, amma haɗarin ɗaya ne ga duk jikin da ya daɗe bai ci ba. In aka ɗura masa tuwo lokaci guda, sinadaran fosfet da fotasiyam na jini sai su faɗi, zuciya ta rikice, har a rasa rai. Shi ya sa ake fara wa yaro mai tamowa da madarar F-75, kaɗan-kaɗan, duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana. Haka ake lallaɓa mai anoreksiya, ana auna jininta da bugun zuciyarta.

Faɗa da duka ba sa warkar da ita. Likitan ƙwaƙwalwa take buƙata, irin na asibitin Barnawa a Kaduna, wanda dokar kullen Maris 2020 ta ƙara nesanta shi da mutanen karkara.