Zuwa bakin teku da iyali

Turawa suna da wata mota mai gado da murhu a ciki. Iyali su yi ta yawo bakin teku, inda dare ya yi su kwana.

Mu ƴan Gaya, hanyar teku da muka fi sani ita ce ta Kwatano, ƙasar Benin. Daga Malanbil a bi Kandi da Faraku, tafiyar ta fi kilomita 700. Kuɗinsu sefa ne, irin namu. A 2023 an rufe gada, mutane suka koma shiga kwalekwale. Ku tambayi labarin iyaka kafin ku tashi.

Amma fa teku ba kogi ba ne. Igiyar ruwa tana ja da ƙarfi, har gwanin iyo takan tafi da shi. Yaro ya tsaya kan rairayi, hannunsa cikin na babba.